Kanel ɗina yana sake tashi da zarar na buɗe katsewa, kuma alamun sun kasu biyu

Ɗan_Koyo_x86

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Wata uku ke nan da na fara rubuta ɗan ƙaramin kanel, wato zuciyar babbar manhajar kwamfuta, don furosesa mai bit 32 ta dangin x86, ba don wata buƙata ta aiki ba, sai don in gane abin da yake gudana tsakanin danna makunnin na'ura da bayyanar rubutu a kan allo. Da yaren C nake rubuta shi tare da ɗan asembili, ina haɗa shi da `i686-elf-gcc` da zaɓin `-ffreestanding`, kuma a cikin QEMU, manhajar kwaikwayon kwamfuta, nake gwada shi.

Farkon aikin bai ba ni wahala ba. Na sanya kan Multiboot mai lambar 0x1BADB002, wanda manhajar tayar da kwamfuta ke gane kanel da shi, a gaban fayil ɗin, na ware kilobayit 16 don sitak, wato wurin da furosesa ke jibge bayanan wucin gadi, na umarci linka ya ɗora kanel ɗin daga adireshin 0x100000, sannan na rubuta wata 'yar hanya da ke zuba haruffa a ma'adanar allo da ke 0xB8000. Ranar da "Sannu da zuwa" ta bayyana fara tas a kan baƙin allo, sai da na kira ƙanena ya zo ya gani, ko da yake bai ga abin murna a ciki ba.

Matsalar ta faro ne da na gina teburin katsewa, IDT, wanda ke gaya wa furosesa hanyar da za ta kira idan wata na'ura ko kuskure ya katse aikinta. Na cika gurabe 32 na farko da hanyoyin da ke buga lambar kuskure da farin rubutu a kan ja sannan su tsayar da na'ura, na ba kowane gurbi mazaɓin sashe, wato lambar da ke nuna sashen ma'adanar da kod yake ciki, 0x08 da nau'i 0x8E, na ɗora teburin da `lidt`, kana na kira `sti`, umarnin buɗe katsewa. Daga nan alamu suka rabu biyu. Idan na tayar da kanel ɗin kai tsaye da `qemu-system-i386 -kernel`, nan take sai ya buga mini cewa an sami kuskure mai lamba 8, kuma lambar bayanin da ke tare da shi ita ce 0x001003A7. Idan kuwa na naɗe fayil ɗin nan dai, ba tare da na canza ko waƙafi ba, cikin faifan ISO da `grub-mkrescue`, to ba na ganin kowane saƙo. Gaisuwar takan yi walƙiya, allo ya yi baƙi, jerin zaɓin GRUB, manhajar da ke tayar da kanel ɗin, ya dawo, haka nan ba iyaka. In na cire `sti`, duka hanyoyin biyu lafiya lau.

Na kwana huɗu ina zuba layukan buga saƙo a ko'ina, amma na'urar tana goge allon kafin ido ya kama komai. Ta yaya kod guda zai nuna cuta iri biyu, kuma ta ina ya kamata in fara bincike? Allah ya saka da alheri.

Tsohon_Makera

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, abin da kake gani a hanyar GRUB shi ne tuntuɓe na uku, kuma sanin yadda ake kaiwa gare shi zai rage maka rabin wahala. Idan furosesa ta gamu da kuskure, takan duba IDT ta kira hanyar da aka tanada masa. Idan a ƙoƙarin kiran ta sake cin karo da wani kuskure mai nauyi, sai ta ɗaga kuskure mai lamba 8, wanda shi ne tuntuɓe na biyu. Idan shi ma na takwas ɗin ya ƙi kiruwa, to ba ta da sauran wanda za ta kai wa ƙara, sai ta rufe kanta, allon uwa kuma ya ɗauki wannan a matsayin umarnin sake tashi. Saboda haka sake tashin da kake gani yana nufin ba a taɓa isa ga ko ɗaya daga cikin hanyoyinka ba, shi ya sa duk layukan buga saƙon da ka zuba a cikinsu ba su amfane ka da komai ba.

Ka daina dogaro da allo tukuna, ka sa QEMU ta faɗa maka abin da furosesar ta gani. Ka tayar da faifan kamar haka: `qemu-system-i386 -cdrom kanel.iso -d int,cpu_reset -D rahoto.txt -no-reboot -no-shutdown`. Zaɓuɓɓuka biyu na ƙarshe za su hana sake tashi, su bar na'urar a daskare a inda ta faɗi, na farkon kuma zai rubuta kowace katsewa da kowane kuskure a fayil, tare da abin da ke cikin rajistoci a wannan lokacin. Ka tabbata ba ka kunna KVM ba, domin idan furosesar gaske ce take gudanar da kod ɗin, QEMU ba ta ganin katsewar balle ta rubuta ta, sai ka tarar da rahoton wayam. Ka karanta fayil ɗin daga ƙasa zuwa sama, ka nemi layukan da ke ɗauke da `v=`, wato lambar gurbin, da `e=`, wato lambar bayani, da kuma `check_exception`, wanda ke nuna kuskuren da ya hau kan wani.

Zatona na farko, tun da ban ga kod ɗinka ba, yana kan tsarin da kake miƙa wa `lidt`. Wannan umarni yana sa ran bayit shida a jere: biyu na iyakar tebur, huɗu na adireshinsa. Kwamfaila kuwa, wato manhajar da ke mayar da C zuwa umarnin na'ura, tana son ta ajiye lamba mai bayit huɗu a adireshin da huɗu ke rabawa, don haka in ba ka rubuta `__attribute__((packed))` ba, za ta cusa bayit biyu na banza a tsakani, furosesa ta karanci adireshin da ba shi ba. Ni kaina na taɓa yin mako guda a kan wannan. Gane shi ba wuya: a cikin rahoton akwai layin `IDT=` da ke nuna adireshi da iyaka. Iyakar tebur mai gurabe 256, kowanne bayit 8, ita ce 2047, wato 0x7FF, adireshin kuma ya dace da abin da `nm kanel.elf` ya nuna maka. Ka kawo mana layukan ƙarshe, har da na `CS`, rajistar sashen kod, da `GDT=`, ka kuma faɗa mana ko ka ɗora GDT naka, wato teburin bayanin sassan ma'adana, ko kuwa kana zaune a kan wanda ka tarar.

Ɗan_Koyo_x86

Na gode, Malam. Na yi yadda ka ce, kuma wannan ne karo na farko da na ga abin da ido. Tsarin `lidt` ɗin lafiyarsa ƙalau, iyaka 0x7FF ce, adireshin kuma ya yi daidai da na `nm`. Ga jerin abin da rahoton ya nuna a hanyar GRUB, na taƙaita shi:

`Servicing hardware INT=0x08`
`v=08 e=0000 IP=0010:001003a7`
`check_exception old: 0xffffffff new 0xd`
`v=0d e=0008`
`check_exception old: 0xd new 0xd`
`v=08 e=0000`
`check_exception old: 0x8 new 0xd`
`Triple fault`

Game da GDT, gaskiya ban ɗora nawa ba. Na ga kanel ɗin yana gudana a yanayin kariya tun daga umarnin farko, sai na ɗauka wannan aikin an riga an yi mini shi, na kuma kwafo 0x08 daga wani misali da na karanta. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne lamba 8 ta bayyana sau biyu, ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe, alhali kun ce tuntuɓe na biyu ba ya zuwa sai bayan wani kuskure ya gabace shi. Na kuma lura adireshin 001003a7 shi ne dai lambar da hanyar `-kernel` take buga mini a matsayin bayanin kuskure, kuma da na ba `addr2line` shi, sai ya nuna mini layin madaukin da ke biye da `sti`.

Malamar_Lantarki

Sallama gare ku. Ɗan'uwa, wannan rahoto ya gama faɗin komai, kuma kurakurai biyu ne daban-daban suka haɗu a kanka, ɗaya yana ɓoye ɗaya.

Bari in fara da takwas ta farko. Ba tuntuɓe ba ce sam, agogo ne, kuma kalmar `hardware` a layin farko ita ce shaida. Asalin rikicin tsoho ne. Intel ta keɓe lambobi 0 zuwa 31 don amfanin furosesa, amma lokacin da IBM ta fitar da PC a 1981, furosesar 8088 ba ta amfani da yawancinsu, sai aka saita guntun 8259 mai kula da katsewar na'urori ya aika layukan katsewarsa, IRQ0 zuwa IRQ7, a kan lambobi 8 zuwa 15. Da 80286 ta zo, sai ta fara amfani da 8 don tuntuɓe na biyu da 13 don kuskuren kariya, amma BIOS ya ci gaba da tsohon tsari don kada tsofaffin manhajoji su lalace. Na biyun 8259, wanda PC/AT ta ƙara a 1984 aka rataya shi a kan IRQ2 na na farko, yana kan 0x70 zuwa 0x77. Agogon PIT kuwa yana bugawa kusan sau 18.2 a daƙiƙa tun daga BIOS, saboda 1,193,182 da aka raba da 65,536, don haka kafin ka kira `sti` akwai bugun da ya riga ya tsaya a bakin ƙofa yana jira.

Wannan kuma shi ne ya warware lambar nan 0x001003A7. Tuntuɓe na biyu na gaskiya yana tura lambar bayani a kan sitak, kuma kullum sifili ce. Katsewar na'ura ba ta tura komai sai rajistocin EFLAGS da CS da EIP, na ƙarshen shi ne adireshin komawa. Hanyarka ta gurbi na 8 ta ɗauka akwai lambar bayani a saman sitak, ta ɗebo abin da ta tarar, wanda shi ne adireshin komawa. Duk ranar da ka ga kuskure na 8 da bayanin da ba sifili ba, musamman mai kama da adireshi a cikin kanel ɗinka, to ka zargi 8259 kafin komai.

Gyaran shi ne ka sake saita guntayen biyu kafin `sti`. Ka aika 0x11 zuwa ƙofa 0x20 da 0xA0 don fara saiti. Sannan 0x20 zuwa 0x21 da 0x28 zuwa 0xA1, waɗanda su ne sababbin mafarin lambobi. Sannan 4 zuwa 0x21 da 2 zuwa 0xA1 don su san yadda aka ɗaure su da juna. A ƙarshe 0x01 zuwa ga dukansu. Bayan haka abin da ka rubuta a 0x21 da 0xA1 shi ne abin rufe layuka, kuma shawarata ka rufe komai ka bar agogo kaɗai, wato 0xFE da 0xFF, har sai ka rubuta wa sauran masu karɓarsu. Agogo zai koma gurbi na 32, allon rubutu, wato kibod, na 33.

Kuskure na biyu shi ne ya sa GRUB ke sake tashi. Dubi `IP=0010:`, wato CS ɗinka 0x10 ne, ba 0x08 ba. Ƙa'idar Multiboot ta yi alkawarin cewa sassan za su kasance shimfiɗaɗɗu daga sifili zuwa gigabayit 4, amma ba ta yi alkawarin lambobin mazaɓansu ba, har ma ta gargaɗi kanel kada ya ɗora wata rajistar sashe sai ya kafa GDT nasa, domin na mai tayarwa ba abin dogaro ba ne. Mai tayarwar da ke cikin QEMU yana ajiye sashen kod a 0x08, shi ya sa ka dace a can bisa sa'a. GRUB 2 yana ajiye shi a 0x10, bayanai a 0x18, gurbin 0x08 kuma fanko ne. Da agogo ya buga, furosesa ta je ɗora 0x08, ta tarar ba sashen kod ba ne, ta ɗaga kuskure na 13 tana nuna maka mai laifin ƙarara da `e=0008`. Gurbi na 13 shi ma 0x08 yake ɗauke da shi, na 8 ma haka, sai aka faɗi sau uku a rami guda.

Ka gina GDT mai gurabe uku: na farko sifili, na biyu 0x00CF9A000000FFFF don kod, na uku 0x00CF92000000FFFF don bayanai. Bayan `lgdt` ka zuba 0x10 a DS da ES da FS da GS da SS, sannan ka yi tsalle mai nisa, `ljmp $0x08, $gaba`, domin CS ba ya karɓar `mov`. Mutane da yawa kan manta da tsallen, kuma tun da furosesa tana riƙe da kwafin tsohon bayanin sashen a ɓoye, komai zai yi ta tafiya har sai `iret` na farko, umarnin komawa daga katsewa, ya sake ɗora tsohuwar lambar daga sabon tebur, inda 0x10 ya zama sashen bayanai.

Mai_Sitak

Bayanin Malama ya wadatar, ba ni da abin gyarawa a ciki, amma ina da ra'ayi a kan hanyar gaba ɗaya. Duk wannan wahala ta 8259 da GDT gadon shekara arba'in ne da ba ya koya wa mutum yadda kanel na zamani yake aiki. Kwamfutocin yau da APIC, magajin 8259, suke rarraba katsewa, kuma a yanayin bit 64 sassa sun kusa zama al'ada kawai. Ko masu xv6, ƙaramar babbar manhaja ta jami'ar MIT, wanda suka rubuta a 2006 bisa tsarin Unix na shida don koyarwa, sun bar x86 sun koma RISC-V, wani dangin furosesa daban, inda babu yanayin asali mai bit 16, babu GDT, babu rikicin lambobin IBM. In da ni ne, da na koma can tun aikin bai yi nisa ba, in kashe lokacina a kan rabon ma'adana da sauya ayyuka, waɗanda su ne ainihin darasin.

In kuwa ka zaɓi zama a x86, to ga abu ɗaya da zai cije ka nan gaba kaɗan. Wasu kurakuran suna tura lambar bayani, su ne 8 da 10 zuwa 14 da 17, da wasu ƙalilan a sababbin furosesoshi, sauran ba sa turawa. Idan hanyar fita guda ce ga kowa, dole gurbin da ba shi da bayani ya tura sifili na bogi, ta yadda kafin `iret` za ka cire bayit takwas a kowane hali, huɗu na lambar gurbi, huɗu na bayani. Kada kuma ka bar hanyar C ta zama ita ce mai karɓa kai tsaye, domin da `ret` take ƙarewa, kuma tana taɓa rajistocin da kod ɗin da aka katse yake tsammanin samunsu yadda ya bar su. Ka kewaye ta da `pusha` da `cld` a shiga, `popa` a fita.

Ɗan_Koyo_x86

Alhamdu lillahi, Allah ya ƙara basira, Malama. Na kafa GDT, na yi tsallen, na sake saita 8259, yanzu hanyoyin biyu sun zama ɗaya kuma sake tashin ya tsaya. Don in tabbatar da gurbin kuskure na aiki, na raba lamba da sifili da gangan ta hanyar asembili, jan allon ya fito da lamba 0 da adireshin da ya dace. Malam Mai_Sitak, na ji shawararka, kuma na gyara batun sifilin bogi, amma zan zauna a x86 tukuna, domin burina in ga abin ya tashi a kan tsohuwar laftof da ke ajiye a ɗakinmu, ba a cikin kwaikwayo kaɗai ba.

Sai dai ga sababbin abubuwa uku. Na farko, ƙidayar agogo da nake bugawa a kusurwar allo takan nuna 1 ta tsaya nan. Na biyu, na rubuta hanyar jira da ke cewa `while (bugu < iyaka);`, kuma da na haɗa da `-O2` na duba `objdump -d`, sai na ga ta zama tsalle guda da ke komawa kansa, babu ko karanta ma'adana. Na uku ba cuta ba ce sosai, amma ta dame ni: da na so buga "Barka da ƙoƙari", kowane ƙ ya fito a matsayin alamu biyu, wani guntun zanen akwati da harafin O mai ɗigo biyu a kai.

Tsohon_Makera

Madalla, kuma na karɓi kuskuren zatona; Malama ce ta karanta rahoton yadda ya kamata. Ni ma ina goyon bayan zamanka a x86 zuwa wani lokaci. Maganar Mai_Sitak gaskiya ce game da tsabtar RISC-V, amma wanda ya riga ya haye GDT da 8259 ya biya mafi yawan kuɗin shiga, kuma Linus Torvalds ma a kan 386 ya fara a 1991 da 'yan ayyuka biyu masu buga A da B a allo, agogo yana sauya su.

Tsayawar ƙidaya a 1 halin 8259 ne. Kamar dogarin da ke bakin zaure yake: in ya shigar da mutum ɗaya, ba zai shigar da na biye ba sai an ce masa an sallami na ciki. Sallamar ita ce ka rubuta 0x20 a ƙofa 0x20 a ƙarshen hanyar agogo. In katsewar daga guntu na biyu ta fito, wato IRQ8 zuwa 15, sai ka rubuta 0x20 a 0xA0 sannan ka rubuta a 0x20, domin ta ƙofofi biyu ta bi. Ranar da ka buɗe IRQ1 za ka ga irin wannan alamar ko da ka yi sallama, amma dalilin daban ne: mai kula da allon rubutu ba zai sake ɗaga katsewa ba sai ka ɗebe bayit ɗin da ya ajiye a ƙofa 0x60. Kuma abin da za ka samu ba harafi ba ne, lambar maɓalli ce. A takan ba da 0x1E in an danna, 0x9E in an saki. In kana son agogo mai bugu ɗari a daƙiƙa, ka aika 0x36 zuwa 0x43, sannan 11932 zuwa 0x40, ƙaramin bayit kafin babba.

Batun madauki kuwa kwamfaila ba ta yi laifi ba. A ganinta babu abin da ke canza `bugu` a cikin madaukin, ba ta kuma san akwai wata hanya da za ta faɗo daga sama ta ƙara shi ba, sai ta karanta sau ɗaya ta huta. Ka ayyana shi da `volatile`, ka kuma sa `hlt` a cikin madaukin don furosesa ta kwanta har bugu na gaba maimakon ta yi ta zagaye tana zafi. Ka tuna `hlt` bayan `cli` barci ne da agogo ba zai tashe shi ba.

Tun kafin ka shiga shafukan ma'adana, inda kurakurai suka fi waɗannan duhu, ka tanadi kayan aiki biyu. Na ɗaya layin siriyal: ka jira bit na 5 na ƙofa 0x3FD ya kunnu, ka rubuta harafi a 0x3F8, ka ƙara `-serial stdio`, sai saƙonninka su zubo a tagar umarni inda sake tashi ba ya goge su. Na biyu GDB, manhajar bin diddigin kod: ka haɗa da `-g`, ka tayar da QEMU da `-s -S` don ta tsaya kafin umarnin farko tana saurare a 1234, ka buɗe `gdb kanel.elf`, ka rubuta `target remote :1234`, ka sa shinge a bakin hanyar katsewa. Da ka yi `x/4wx $esp` a wannan wurin kwana huɗu da suka wuce, da ka ga EIP zaune a inda kake tsammanin sifili. Game da laftof ɗin, ka duba ko tana da BIOS ko yanayin dacewa da shi, domin a na'urar da UEFI, magajin BIOS, zalla take tayarwa babu tabbacin samun ma'adanar haruffan allo a 0xB8000, sai ka roƙi GRUB ya ba ka ma'adanar ɗigo-ɗigo ka zana haruffa da kanka.

Shi kuwa ƙ, fayil ɗinka a UTF-8 yake, inda harafin ya zama bayit biyu, 0xC6 da 0x99, allon VGA kuma kowane bayit harafi guda yake ɗaukarsa daga tsohon jerin IBM mai lamba 437, wanda ba shi da ƙ ko ɗ ko ɓ. Abin da ka gani shi ne abin da ke zaune a waɗannan gurabe biyu. Mafita ita ce ka zaɓi gurabe shida ko takwas da ba ka buƙata daga 128 zuwa sama, ka zana haruffan masu ƙugiya manya da ƙanana, kowanne layi 16 na ɗigo 8, wato bayit 16, ka rubuta su a fili na 2 na ma'adanar VGA inda kowane harafi yake da wuri mai bayit 32, sannan hanyar bugawarka ta riƙa gane jerin 0xC6 0x99 tana mayar da shi lambar gurbin da ka zaɓa. Mafi sauƙi ka kwafo zanen k daga nan cikin filin, ka lanƙwasa masa kai a layuka biyu ko uku na sama. Kafin ka taɓa filin sai ka sauya rajistocin 0x3C4 da 0x3CE, ka kuma mayar da su yadda suke in ka gama, in ba haka ba rubutunka na gaba zai sauka a kan zanen haruffa ne, allon ya cika da tarkace. Ka fara gyara sallamar agogo, ka kawo mana abin da ƙidayar ta nuna bayan minti ɗaya. In ba ka taɓa PIT ba, ya kamata ta kai wajen 1,092.